Doktan Titin Koudoukou da Zazzaɓin Hureira

Akwai wani mai shagon magani a unguwar Kilomita Biyar ta birnin Bangui, sunansa Nasidi. Bai taɓa karatun likitanci ba, amma ya daɗe yana sayar da magani a Titin Koudoukou har mutane suka laƙaba masa Dokta. Shi kuwa sunan nan ya yi masa daɗi fiye da kima.

A shekarar 1996, lokacin da sojoji suka yi bore suka datse hanyoyi, matarsa Hureira ta haifi 'yarsu Ikram a gida. Kwana biyu bayan suna, zazzaɓi ya rufe Hureira, ga ciwon mara mai hana ta miƙewa.

Nasidi yana son matarsa, wannan babu tantama. Ya ɗauko maganin kashe ƙwayoyin cuta mafi kyau a shagonsa ya fara ba ta. Jiki ya yi sanyi kwana uku, zazzaɓin ya dawo. Ya canza wani. Da wannan ma ya ƙi, ya koma allura safe da yamma.

Wata safiya Mama Odile ta zo barka. Tsohuwar ungozoma ce daga unguwar Miskine, ita ta karɓi haihuwa lokacin da aka haifi Hureira kanta. Tana danna marar, Hureira ta ƙwalla ƙara.

Ta ja Nasidi gefe ta ce, "Ɗana, mugunya ce ta taru a ciki, ta yi wa kanta jaka mai kauri. Maganinka jini ne ke kai shi, jini kuwa ba ya shiga jakar nan. Na waje kawai yake kashewa, shi ya sa take samun sauƙin kwana biyu. Sai an huda an zuƙe ta a lopital, wato asibiti."

Nasidi ya yi murmushi. "Mama, maganin nan daga Faransa ya zo fa."

"Ko daga ina ya zo, ƙofar a rufe take. Idan jakar ta fashe a cikinta, babu abin da ke shagonka da zai tsayar da ita."

Ya ce mata, "Singila mingi, na gode," ya raka ta ƙofa, ya dawo ya haɗa wata allurar. In za a yi masa adalci, akwai tsoro, don ana harbi a hanyar asibiti. Amma abin da ya fi cin ransa shi ne a ji Dokta ya kasa warkar da matarsa.

Bayan kwana biyar Hureira ko jaririyar ba ta iya ɗauka. Da ya matso da allura sai ta riƙe hannunsa.

"Baban Ikram, bari haka nan, na gaji. Ka yi iya ƙoƙarinka, na yafe maka. In ta Allah ta kasance, ka kai wa Innata yarinyar nan."

Maganar nan ta karya masa zuciya. Babu taksi a gari, don haka ya sauke kwalaye daga kurar da yake ɗauko kaya da ita, ya shimfiɗa katifa, ya kwantar da matarsa. Da rana tsaka ya tura ta a Titin Koudoukou, a gaban duk masu ce masa Dokta. Ya biya ta Miskine, Mama Odile ta shige gaba tana roƙon sojojin shinge da yaren Sango har suka buɗe.

A asibiti likita ya zuƙe mugunya kusan cikin kwano. Sannan ya rubuta magani ya miƙa masa. Nasidi ya duba takardar, sai hawaye. Shi ne maganin da ya fara ba ta tun ranar farko. Wannan karon, cikin kwana uku zazzaɓin ya tafi bai dawo ba.

Hureira ta rayu, amma jinkirin ya lalata mata hanyoyin ƙwai. Daga Ikram ba ta ƙara haihuwa ba.

Har ya tsufa, duk wanda ya ce masa Dokta, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Nasidi sunana."

Darasi: Idan mace tana shan magani amma zazzaɓi da ciwon mara suna tafiya suna dawowa, kada a tsaya canza magani, a kai ta asibiti, don mugunyar da ta taru sau da yawa sai an fitar da ita magani yake aiki. Kuma kada suna ya hana ka cewa "ban sani ba". Ku tura wa 'yan uwa, musamman gidan da ake jego.