Ƙululun Gwaggo Tarana

Ga ta nan, ga ta nanku, ta yau mai gashin baki ce.

Ta zo, mun kasa kunne.

Wata tsohuwar kyanwa ce, Gwaggo Tarana, mai gadin rumbun sarki, da 'ya'yanta mata uku.

Ran nan tana lasar jikinta, sai ta ji ƙululu a nononta, kamar ƙwayar gyaɗa. Ta ce, "Kai kuma wane ne?"

Ƙululu ya ce, "Baƙo ne, Gwaggo. Ki rufa mini asiri."

Kun san tsofaffi da kunya. Nono ne fa. Sai ta kwanta a kansa, ta ja bakinta ta yi gum.

Wata ya kama, ƙafarta ta kumbura suntum. Ikon Allah, me ya haɗa nono da ƙafa? Ta ɗingisa wurin Biri wanzami.

Biri ya ce, "Gwaggo, ina ke ciwo?"

Ta ce, "Ƙafa ce, ƙafa kaɗai."

Ya kafa ƙaho, ya zuƙe jini. Kumburi yana nan daram.

Wani watan ya kama, numfashi ya soma gagararta, taku uku sai haki. Ta je wurin Mujiya mai magani.

Mujiya ta ce, "Gwaggo, ina ke ciwo?"

Ta ce, "Ƙirji ne, ƙirji kaɗai."

Aka yi mata hayaƙi har ta shaƙe. Haki yana nan daram.

A wata na uku ta rarrafa wurin Kunkuru, wanda ba a cika ɗaukarsa a bakin komai ba. Shi bai tambaye ta ba. Gajere ne, daga ƙasa yake kallon duniya. Ya ɗaga kai kawai, ya ga ƙululu ya kai lemon tsami, ya fashe yana ruwa.

Ya ce, "Gwaggo, ciwon daji ne. Tun yana ƙarami ake cire shi. Yanzu ya yi saiwa har ƙafa, har huhu."

Ta ce, "Zan tashi, Malam?"

Ya ce, "Ba zan yi miki ƙarya ba."

Tsoro ya kama ta, ba don kanta ba, don 'ya'yanta. Ta koma gida, da rana tsaka, gaban kaji da awaki, ta kwanta rigingine. Ta ce wa 'ya'yanta, "Ku zo ku gani. Ku taɓa." Suna kuka suka taɓa.

Sannan ta birkice su ɗaya bayan ɗaya. Babba lafiya. Ta tsakiya lafiya. A nonon auta kuwa, ga wani ɗan abu kamar ƙwayar gero.

Aka kira Kunkuru ya nuna wurin, Biri ya sa aska ya cire shi. Auta ta warke sumul. Gwaggo kuwa ba ta ga kakar shekarar ba.

Shi ya sa har yau za ku ga kyanwa ta birkice a tsakar gida, ciki a sama. Cewa take ku duba ta.

Ƙurunƙus, na sauke ta nan. Ciwon da ke jikinki, ko ina ya fito, ki nuna shi tun yana ƙarami.