Yadda Tabawa Ta Ɓatar da Bakin Zaren

Dalilin da ya sa in magana ta cakuɗe Bahaushe yake cewa an rasa bakin zaren, masunci ya ce ruwa ya gurɓace, makiyayi ya ce sawu ya haɗe, wani can a wata uwa duniya kuma ya ce abu ya ƙulle, shi zan ba ku yau. Ku matso, ku daina mintsinin juna. Labarin ba na dariya ba ne, wanda ya zo don ya yi dariya gara ya tafi wajen masu langa.

A da can ba wani harshe da yake da sunan magana mai wuyar warwarewa, domin ba a taɓa gamuwa da irinta ba. Kowace rigima tana da farko tana da ƙarshe, a bi ta a gama, kowa ya kama gabansa.

A wancan zamani akwai wani babban tafki da ake kira Mahaɗa. Kakanni ne suka tare ruwansa da datsin ƙasa ta gefen gangare, shi ya sa ba ya ƙafewa ko da rani ya yi tsanani. Mutane iri huɗu ne suke rayuwa a kansa: manoma masu lambu, da masunta, da makiyaya, da mutanen ayari da suke sauke raƙumansu a nan duk shekara. Kowane iri da harshensa, ba mai jin na wani sai ɗan abin da ba a rasa ba na gaisuwa da ciniki. Doka ɗaya ce ta haɗa su, wato duk wanda ya kashe tafkin za a kore shi, ba zai sake shan ruwan ƙasar ba har ya mutu.

Mutum ɗaya ce take jin harsunan nan huɗu, wata tsohuwa mai kaɗi da ake kira Tabawa. Shekara da shekaru tana sayar wa kowa zare, da haka ta kwashe maganarsu tas. Saboda haka in an yi rigima, ita ake kira. Takan zauna a gindin tsamiya da abawa, wato zare mai kauri. Kowane mai shaida ya yi magana da harshensa, ita kuma ba ta fassara komai a lokacin, sai dai ta yi ƙulli a kan kowace magana, kowane ƙulli da irin kamarsa, tana naɗe zaren a kan babban yatsanta har ya zama curi. Gwanintar aikin ita ce a bar bakin zaren na farko yana leƙowa waje. Ranar hukunci sai ta ja wannan baki, zaren ya riƙa fitowa daga ciki sumul, ƙulli na bin ƙulli, tana faɗar abin da kowa ya ce da harsuna huɗu. Abin da ya fito daga zare shi ne shaida. Abin da ya fito daga bakin Tabawa ba tare da zare ba, hira ce kawai. Kullum da la'asar kuma dattawa sukan saka curin a tukunya su liƙe bakinta da laka, don kada wani ya taɓa.

Tabawa tana da ɗa guda ɗaya tilo, Nomau, manomin albasa ne, magidanci mai ƙarancin magana. Ta haifi bakwai, shi kaɗai ya tsaya mata. Ba na jin akwai abin da take so a duniya kamar shi.

Wata shekara da tsakar rani datsi ya ɓalle. Kafin rana ta take, ruwan da kakanni suka tare ya bi gangare ya tafi. Kifi ya yi ta mutsu-mutsu a taɓo, albasa ta fara langaɓewa, shanu suka tsaya a gaɓa suna kuka. Aka ce a kira Tabawa.

Wanda ya fara magana shi ne Ndagi, babban masuntan. Bai yi dogon bayani ba. Ya ce da sanyin safiyar ranar ya hangi mutum a kan datsi da galma yana sara ƙasa, ya kuma gane shi sarai. Ya miƙa hannu ya nuna, ya ce, "Nomau."

Suna ba ya bukatar tafinta. Duk wanda ke wurin ya ji, duk wanda ke wurin ya juya. Nan take aka kama Nomau aka kai shi gidan wani dattijo, domin wanda ake zargi ba ya magana sai ranar hukunci.

Madugun ayari, wani dogon mutum mai suna Agali, ya dubi Tabawa ya ce, "Inna, ɗanki ne. Za ki iya?"

Ta ce, "Zare bai san ɗa ba, Madugu."

Da baki kawai ta faɗa. Ta yi ƙullin farko. Ta san ɗanta ya daɗe yana ƙorafin ruwa ba ya isa lambunsa, sai zuciyarta ta ce mata lallai hanyar ruwa ya je yankawa, abin ya fi ƙarfinsa. Ta dubi bakin zaren da ke leƙowa, ta ga in aka ja shi sunan Nomau ne zai fara fita. Sai ta yi tunanin da tsoro kaɗai ke sa mutum ya yi: in babu farko, babu mai laifi. Tana cikin naɗi ta sa yatsa ta tura bakin zaren can cikin curi, ta ci gaba da naɗewa a kansa. Ba wanda ya lura.

Shaidu suka yi ta zuwa, har mutum arba'in. Wannan ya ce shanu sun saba taka datsi, wancan ya ce raƙuma suna durƙusawa a kai, wani ya ce masunta sun kafa turaku a jikinsa. Curi ya yi ta girma har ya kai ƙwaryar shan fura.

A rana ta huɗu wani makiyayi mai suna Giɗaɗo ya zo da sandarsa a kafaɗa, ya tsuguna ya yi magana da harshensu. Ya ce kwana uku kafin ɓallewar ya ga ramukan gafiya a gindin datsi, ruwa yana tsattsafowa ta ciki. Ya ce ya ja hannun Nomau ya nuna masa, Nomau ya yi masa alamar zai zo da galma ya toshe. Ya ce da safiyar ranar ya wuce da shanu, ya gan shi yana ɗibar ƙasa yana cusawa a ramukan shi kaɗai, ba mai taya shi.

Tabawa ta ji kamar an watsa mata ruwan sanyi. Ashe gyara ɗanta ya je yi. Ta yi ƙullin, ta ƙara matse shi sosai.

Giɗaɗo ya miƙe ya ce, "Inna, mu gobe za mu kaɗa dabbobi mu nemi ruwa, sun fara faɗuwa. Ba za mu ga ranar hukunci ba. Maganata tana cikin zarenki, amana ce."

Ta buɗe baki za ta ce ya tsaya, sai ta tuna in ta ce haka za a tambaye ta dalili. Tana gani ya tafi. Washegari makiyaya suka tashi kaf, tare da duk wani kunne da ya fahimci abin da Giɗaɗo ya faɗa.

Kwana ukun da suka rage kafin ranar hukunci Tabawa ta yi su cikin azaba. Tana naɗi tana lalubar bakin zaren da ɗan yatsa a ɓoye, amma ya nutse. Da la'asar a karɓe curi a liƙe a tukunya. Ta rame, abinci ya ƙi shiga.

Ranar hukunci aka taru a gindin tsamiya, aka kawo Nomau aka zaunar da shi a tsakiya. Aka fasa lakar tukunya aka miƙa wa Tabawa curi. Ta juya shi nan, ta juya shi can.

Ndagi ya ce, "Ina bakin?"

Ta ce, "Yana ciki, yanzu zan fito da shi."

Ta cusa yatsu biyu ta kamo wani zare ta ja. Maimakon ya fito sumul, sai wani dunƙule ya biyo shi. Ta sake ja, ƙulli ya hau kan ƙulli. Ta gwada ta bakin waje, ya zo ya cije a tsakiya. Tun tana yi a hankali har ta koma fizga, kuma duk fizgar da ta yi sai abin ya ƙara sarƙewa. Kafin a jima abin da ke cinyarta ya tashi daga curi ya koma kamar sheƙar tsuntsu. Maganar mutum arba'in ta shiga cikin juna, ba a san ta wane ce a gaba ba.

Sai ta ajiye zaren ta miƙe ta faɗi maganar Giɗaɗo da baki, da harshen manoma, da na masunta, da na ayari. Ta faɗi ramukan gafiya, ta faɗi galma da toshiya.

Agali ya girgiza kai ya ce, "Inna, kin fi kowa sanin doka. Wannan bakin uwa ne. Nuna mana a zare."

"Ƙullin yana ciki, Madugu. Na rantse yana ciki."

"To yaya aka yi bakin zaren ya shige? Shekara talatin muna zuwa nan, bai taɓa shigewa ba."

Nan ne Tabawa ta ga ba ta da wata mafita sai gaskiya. Ta ce ita ta tura shi ciki tun ranar farko, don tsoron kada sunan ɗanta ya fito.

Sai Ndagi ya ce, "Ruwa ba ya tsami banza. In ɗan ba shi da laifi, me uwar take ɓoyewa?"

Aka ba Nomau dama ya yi magana, ya faɗi abin da ya faru daidai da yadda Giɗaɗo ya faɗa, amma maganar wanda ake zargi ba ta tsayawa sai da shaida, shaidar kuma tana can cikin sarƙa. Abin da kowa ya ji da kunnensa shi ne suna guda da aka kira ranar farko. Dattawa suka yanke cewa Nomau ya bar ƙasar kafin rana ta faɗi. Garin gyaran gira an rasa ido, yara, kun ji yadda ake yi.

Nomau ya ɗaura ɗan ƙunshinsa. Tabawa ta bi shi har bakin gangare tana riƙe da gefen rigarsa, tana cewa ya yafe mata. Ya tsaya ya dube ta, babu faɗa a fuskarsa, wanda da faɗan ne da ya fi mata sauƙi.

Ya ce, "Inna, korar ba ta dame ni kamar abu ɗaya ba. Tun kafin kowa ya yanke hukunci, ke kin riga kin yarda ni ne."

Ya zare rigarsa daga hannunta a hankali ya tafi, bai waiwayo ba.

Korar Nomau ba ta dawo da ruwa ba, ba ta kuma kwantar da hankalin kowa ba, don can ƙasan zuciya ba wanda ya tabbata an yi daidai. Mutanen Mahaɗa suka fara watsewa. Duk inda suka sauka sai a tambaye su abin da ya kashe tafkinsu, su kuma su rasa ta cewa, domin babu kalmar. Sai kowa ya lalubo daga abin da ya sani. Masunta suka ce maganar ta zama ruwan da aka dama, ba a ganin ƙasa. Mutanen ayari suka ce igiyoyin raƙuma ne suka harɗe. Da labari ya kai wa Giɗaɗo bayan watanni, lokacin ba sauran wanda zai koma ya gaya wa, ya daɗe yana duban ƙasa, sannan ya ce sawun garke ya haɗe, ba a gane na saniyar da ta fara wucewa. Jikokinsu suka bazu a duniya, waɗansu suka ce ƙulli, waɗansu suka ce kitso, waɗansu suka ce surƙuƙin ƙaya. Manoma kuwa, da suka ga abin da idonsu, suka ce an rasa bakin zaren.

Tabawa ba ta bi kowa ba. Ta zauna a gindin tsamiya da sarƙaƙƙen zarenta, kullum tana tsinta da farce, ba ta yarda ta yanke ko sili ɗaya ba don kada ta yanke maganar wani. Damina bakwai tana wannan aiki, idonta ya dushe, yatsunta suka ƙage. Wata rana da hantsi sai ga bakin zaren a hannunta. Ta ja shi ya taho sumul. Ta miƙe tsaye ta fuskanci busasshen tafki, ta faɗi shari'ar tun daga ƙullin farko har na ƙarshe, da harsuna huɗu, ba ta tsallake ko ɗaya ba. Da ta iso ƙullin Giɗaɗo ta ɗaga murya iya ƙarfinta ta wanke ɗanta. Babu kowa a wurin sai ƙadangaru.

Shi ya sa har yau kowane harshe yake da nasa sunan da yake kiran magana mai wuya, kowa daga sana'ar kakanninsa ya samo. Mu kuma in rigima ta cakuɗe a gida ko a gari, za ku ji manya suna cewa a nemo bakin zaren. In kun ji haka ku lura da kyau, sau da yawa ba ɓata ya yi da kansa ba, wani ne a cikin masu neman ya tura shi ciki saboda wanda yake so.