Karen da Ke Tsoron Almakashi

Akwai wani manomi da ya fita gona a lokacin girbin gero, sai ya tarar da kare kwance tsakanin kunyoyin gonar, ƙudaje sun rufe shi. Ƙashi da fata ne kawai. Gashinsa ya cuɗe da ƙarangiya, kaska ta cika masa kunnuwa kamar an zuba wake. Ko ƙarfin gudu ba shi da shi. Manomin ya ji tausayinsa, ya naɗe shi a buhu, ya saɓa a kafaɗa, ya kawo shi gida.

Matarsa ta toshe hanci ta ce, "Haba maigida! Mutane suna dawowa da dami, kai kuma da mushe?"

Ya ce, "Da sauran numfashinsa. Miƙo mini ƙanzon jiya."

Kare ya ci, ya sha, ya ɗan farfaɗo, sai ya shige ƙarƙashin rumbu ya ƙi fitowa. Amma manomin ya lura, duk lomar da karen ya haɗiya sai ta shaƙe shi, ya yi ta kakari. Da ya durƙusa ya duba da kyau, sai ga bakin waya ya leƙo daga cikin gashin wuyansa. Ashe wani marar imani ne ya ɗaure shi da waya tun yana ɗan kwikwiyo. Kare ya girma, waya ba ta girma ba. Ta nutse cikin nama, wurin ya zama gyambo, gashi ya rufe. In ba a aske gashin nan an yanke wayar ba, karen mutuwa zai yi, ga abinci a gabansa.

Manomin ya ɗauko almakashi da filayar yanke waya da ruwan ɗumi. Karen na jin ƙarar ƙarfe sai ya saki fitsari, ya yage baki yana gurnani. Ai wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake.

Maƙwabcin manomin, wani mafarauci, ya leƙo ta kan danga ya ce, "Kai ma dai, maƙwabci! Kare ake lallashi? Jawo shi mu rufa masa buhu, in danne, ka yanke."

Haka kuwa suka yi. Kai, abin bai yi kyan gani ba! Karen ya yi ta fizge-fizge, waya ta ƙara nutsewa, jini ya ɓalle. Ya kuɓuce musu ya koma can ƙuryar rumbu. Daga ranar, ko ƙanzon ba ya ci sai ya ga ba kowa a tsakar gida.

Ran manomin ya ɓaci ƙwarai, kunya kuma ta kama shi. Ya ce wa matarsa, "Ni na ɓata aikin nan da gaggawa. Amma in Allah ya yarda, karen nan ba zai mutu da waya a wuya a gidana ba."

Sai ya sake dabara. Kowace safiya, kafin ya tafi gona, yakan zauna a gindin rumbu ya juya wa karen baya. Ya ajiye almakashi kusa da kwanon abincin, ba ya taɓa shi. Da karen ya saba cin abinci kusa da ƙarfen, sai manomin ya fara ɗauka yana rage gemunsa, ƙyas, ƙyas, karen yana kallo.

Matarsa ta yi dariya ta ce, "Gemunka zai ƙare kafin ka kai wuyan karen nan."

Ya ce, "Gemu ai yana tsirowa."

Sannu a hankali karen ya yarda a taɓa masa wutsiya, daga nan baya, daga nan kunne. Manomin yana cire ƙarangiya ɗaya ɗaya, yana tsince kaska yana jefawa a gwangwanin kananzir. Da ya ji jikin karen ya sandare, sai ya ɗauke hannu, ya bari sai gobe. Amma lokaci ba ya jiransa. Wuyan yana ta kumbura, har ya kai karen ba ya iya haɗiyar komai sai ruwan kunu.

Wata safiya manomin ya ce, "Yau ce ranar." Ya aske gashin wuyan, karen ya daure. Ya jiƙa gyambon da ruwan ɗumi, ya daure. Amma da bakin filaya ya shiga ƙarƙashin wayar ya taɓa ɗanyen nama, sai karen ya juyo ya cafke masa hannu, haƙora suka nutse.

Matar ta ƙwala ihu. Mafarauci ya tsallako danga da gora.

Manomin ya daka tsawa, "Kada wanda ya matso!"

Bai fizge hannunsa ba, bai kuma ɗaga ɗayan ba. Karen ya runtse ido, ya kwantar da kunnuwa, yana jiran dukan da ya saba sha. Ya jira, ya jira, duka bai zo ba. Sai dai murya a hankali, "Sannu, sannu. Na san da zafi." Can sai ya saki hannun. Da hannun nan mai jini manomin ya tallafe masa haɓa, da ɗayan ya matse filaya. Ƙat! Waya ta faɗi ƙasa.

Karen ya ja wani dogon numfashi, irin wanda ya daɗe bai ja ba. Manomin ya wanke wurin da ruwan gishiri, ya shafa man kaɗanya, sa'an nan ya tafi asibiti aka ɗaure masa hannu, aka yi masa allura. Da ya dawo, ya tarar karen ya cinye tuwo cikin kwano ba tare da kakari ba.

Ma'anar wannan misali ita ce: karen nan ni ne, kai ne, ke ce. Wayar kuwa ita ce abin da aka ɗaura mana tun tuni, ko muka ɗaura wa kanmu: ƙiyayyar da ka riƙe wa ɗan'uwanka, ƙaryar da ka saba da ita, zagin da aka yi miki tun kina ƙarama. Mun rufe ta da kayan adon zuwa sujada ran Lahadi, tana can tana cin nama. Manomin shi ne Ubangiji. Ba ya danne mu da buhu, amma kuma ba zai bar mu da waya ba don muna jin tsoro. In hannunsa ya taɓa wurin ciwon, mukan yi cizo. Mu yi fushi, mu daina zuwa sujada, mu ce an ci mana mutunci. Ya sha cizonmu har jininsa ya zuba, bai rama ba, bai kuma fasa aikin ba.

Ku kuma masu saurin ɗauko gora, da ku nake. A gidanku ko a cikin ikilisiyar nan akwai wanda ko gaisuwa aka yi masa sai ya yi gurnani. Ba lallai mugu ba ne, wataƙila wuyansa ne ke ciwo. Ku zauna kusa da shi, ku bi shi sannu. Ranar da ya cije ka, ɗan'uwa, kada ka rama, kada kuma ka janye hannunka, gama kai ma haka aka yi maka.