Layin Baƙin Mai a Garejin Baba Sallau

An ce wai a wani gari da ke kan babbar hanya, an yi wani dattijo mai suna Baba Sallau, wanda makanikai suka naɗa shugabansu. Garejinsu fili ne mai faɗi a bayan tashar manyan motoci, rumfuna sun haura sittin. Baba Sallau ya daɗe da ajiye sifana saboda ciwon baya, amma babu rigimar da ake kashewa a filin nan sai a gabansa.

Suna da wata doka da ba a yi wa kowa sassauci a kanta. Idan aiki ya ƙare, mai mota ya sallami makanike, to dole makulli ya koma hannun mai shi kafin faɗuwar rana. Wanda ya riƙe har rana ta faɗi, an karɓe rumfarsa ke nan, kuma babu garejin da zai ba shi wurin zama a garin. An kafa dokar ne tun zamanin da wasu ke fita kabu-kabu da motocin mutane, ko su musanya kayan ciki. Baba Sallau ya kori mutum uku a kanta, ɗaya daga cikinsu ɗan ƙanwarsa ne.

A cikin makanikan akwai Haladu, magidanci mai 'ya'ya biyar, wanda aka sani da iya aikin inji. Wata rana wani saurayi, Nafi'u, ɗan wani attajirin fatu, ya kawo masa jar mota ƙirar Japan mai ƙofa biyu, gajera kamar ta kwanta a ƙasa. Gadon kawunsa ce, ta ma girme shi, injinta ya gaji. Ya sayo wani inji ɗan Kwatano mai turbo, wato na'urar nan mai kama da dodon koɗi da ke cusa wa inji iska, ƙarfinsa ya ninka. Ya ce a cire tsohon a ɗora wannan.

Mako bakwai Haladu ya yi a kan aikin. Ya yanke mazaunin inji ya sake walda, ya sauya giyabos, ya sa babban lagireto, ya bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya. Ranar Alhamis da safe ya fita gwaji. Yana sa giya ta uku turbo ya yi fito, kujera ta manne masa a baya, har ya yi dariya shi kaɗai. Can sai ya hango shanu suna tsallaka titi. Ya taka birki, birkin ya nutse, ƙauri ya cika motar. Allah ya sa shanun sun riga sun haye, domin sai da ya wuce inda suka bi da turakun lantarki biyu kafin ta tsaya.

Kafin azahar Nafi'u ya zo karɓar motarsa. Haladu ya gaya masa abin da ya faru, ya ce birkin na tsohon inji ne, ba zai riƙe wannan ba, kuma manyan faifan birki sai an aiko daga Legas, kwana goma. Nafi'u ya ce ba zai yiwu ba. Jibi Asabar ake ɗaurin auren amininsa, bayan an shafa fatiha samari za su yi wasan mota a filin unguwa, kuma gari duka ya ji cewa jar mota za ta fito. Haladu ya dubi makullin, ya jefa shi a aljihu.

Bayan sallar la'asar aka taru a gaban Baba Sallau, rana ta riga ta karkata.

Nafi'u ya fara. Ya ce ya riga ya sallami Haladu, motar tasa ce, wuyan da zai karye ma nasa ne. Ya ce birkin nan shekara huɗu yana tuƙi da shi, ko kaza bai taɓa takewa ba. Sannan ya juya ya ce, "Malam Haladu, in wani aikin kake nema ka faɗa, ba sai ka ƙirƙiro shanu ba."

Haladu ya ce, "Alhaji ƙarami, shanun ma sun fi ka sanin birkin nan."

Wasu suka yi dariya, amma ba ta yi nisa ba, don kowa ya ga inuwar rumfuna tana tsawo. Baba Sallau ya tambayi Haladu ko ya san doka, ya ce ya sani. Ya tambaye shi ko ya san abin da zai rasa. Haladu ya sunkuyar da kai ya ce ya sani, amma filin biki cike yake da mata da yara, kuma hannunsa ne ya ɗora injin. Ya ce ya gwammace ya rasa rumfa da a ce aikinsa ya shiga cikin taro.

Dattijon ya auna maganar a ransa. In ya ɗaga wa Haladu ƙafa, doka ta mutu, gobe kowane maha'inci zai riƙe makulli ya ce rai yake karewa. In ya bi doka yadda take, ko dai a kori mutumin kirki, ko mota ta fita da birkin da ba a san gaskiyarsa ba. Kuma babu wanda ya shaida gwajin safe sai Haladu.

Daga ƙarshe ya ɗago ya ce, "Haladu, ba shi makullinsa."

Haladu ya buɗe baki zai yi magana, dattijon ya maimaita ba tare da ɗaga murya ba. Haladu ya ciro makullin ya miƙa. Nafi'u ya karɓa yana murmushi, ya juya zai tafi.

Baba Sallau ya ce, "Dakata, ɗana. Maganar makulli ta ƙare, ga ƙofa can, babu mai tare ka. Saura maganar da ka faɗa a gaban jama'a, cewa mutumina maƙaryaci ne. In gaskiyarka ce, yau zai bar filin nan, don ba ma zama da mai yi wa masu mota ƙarya. Za ka tsaya a gwada, ko ka janye?"

Nafi'u ya dubi idanun da ke kansa, ya ce a gwada.

A bayan garejin akwai wata tsohuwar kwalta miƙaƙƙiya, inda suke gwada motoci. Baba Sallau ya sa aka kore kowa daga kanta. Ya karɓi galan na baƙin mai, ya tsiyaya layi daga wannan gefe zuwa wancan. Ya gaya wa Nafi'u ya je can ƙarshe ya taho da irin gudun da zai yi ranar Asabar, kada ya taɓa birki sai ya zo daidai tsohuwar tirelar da ke fake a gefe, kuma ya tsaya kafin layin. Nafi'u ya ce wannan ai wasa ne.

Sai dattijon ya tsallaka layin da taku ɗaya, ya juyo, ya dogara sandarsa a tsakiyar titi, ya tsaya.

Haladu ya durƙusa yana roƙonsa don Allah ya fito, a sa durom ko tsohuwar taya. Manyan makanikai suka sa baki. Baba Sallau ya ce durom ba shi da iyali, kuma ranar Asabar ba duroma za su cika fili ba. Ya dubi Nafi'u ya ce, "Ka ce birkinka lafiya lau. Na yarda da kai. Je ka."

Nafi'u ya shiga mota ya tafi can ƙarshe. Aka ji injin ya yi ruri, turbo ya yi fito, jar mota ta taso. Wasu suka rufe ido, wasu suna salati. Amma tun kafin ta kai rabin hanya ƙarar ta sauka. Ta wuce tirelar tana tafiyar keke, ta tsaya nesa da layin da taku talatin.

Nafi'u ya leƙo ya ce ga shi ta tsaya. Baba Sallau bai motsa ba. Ya ce, "Da wannan gudun za ka burge abokan ango? Ko ni da sandata na riga ka. Koma, ka taho yadda ka yi niyya."

Motar ta juya ta koma. Injin ya sake ruri, sau ɗaya, sau biyu, sau uku. Rana ta yi ja a kan rufin tasha. Dattijon na tsaye, ana ganin bakin rigarsa na kaɗawa, Haladu kuwa na nan a durƙushe. Aka jira, aka ƙara jira.

Sai ƙarar ta ɗauke. Ƙofa ta buɗe, Nafi'u ya fito, ya tako da ƙafa tun daga can har gaban layin, gumi ya jiƙa masa riga. Bai iya haɗa ido da dattijon ba. Ya ce a hankali, "Baba, ba zan iya ba. Tun da tsohon inji ma sai na taka sau biyu take kamawa." Ya juya wurin Haladu, ya kama hannunsa, ya sa masa makullin a tafi.

Baba Sallau ya tambayi jama'a wa ya ba wa wani makulli. Suka ce mai mota ne ya ba Haladu da kansa. Ya ce to, makullin da aka ba ka ba makullin da ka riƙe ba ne, rana ta faɗi lokacin da ta ga dama. Rumfar Haladu tana nan.

Amma bai sallame shi haka ba. Ya ce, "Kai kuma, mako bakwai kana ƙara wa mota ƙarfi, ba ka leƙa ƙafarta ba sai ranar ƙarshe. Daɗin aiki ya ɗauke maka hankali. Da ka faɗi maganar birki kafin ka kwance noti na farko, da yaron nan bai yi wa gari alkawari ba. Aikin birkin kyauta za ka yi shi." Haladu ya ce ya karɓi laifinsa.

Sai a lokacin aka kawo wa dattijon benci ya zauna. Wani aboki nasa ya tambaye shi a kunne, da yaron ya taho fa? Dattijon ya ce ya dubi yaron, ya ga mai kunya ne, ba mugu ba, kuma bakin mutum kan yi gardama a kan abin da ƙafarsa ta riga ta sani. Ya ce abin da ya rage kawai shi ne a sa masa fuskar mutum a gaban gilashin mota.

Ranar Asabar Nafi'u ya je biki a kujerar baya ta motar wani, abokai suna ta tsokanarsa. Ya sha tsokanar, kowa kuma ya koma gida da ƙafafunsa.

Saboda haka, duk wanda zai ƙara wa wani abu ƙarfi, ya fara tanadar abin da zai tsayar da shi. Wanda kuma ya ce ya amince da abu, a dube shi lokacin da mutumin da ya sani ke tsaye a gabansa.