Akushin Ƙofar Gida

Ya 'yan uwa, a zamanin Turawa an yi wani mutum a Kafin Soli, mai unguwa ne, mai baki da ƙarfin faɗa a ji.

Unguwarsa tana da al'ada mai kyau. Akwai gona guda da ake yi wa gayya, geronta na tsofaffin da ba su da kowa ne. Tsohon da yunwa ta kama ba ya roƙo. Akushinsa kawai zai ajiye a ƙofar gida, matar da ta fara gani ta ɗauka, ta mayar masa da shi cike da tuwo.

Da gyaɗa ta yi daraja, sai idon mutumin nan ya rufe. Ya sa aka shuka gyaɗa a gonar, ya ce ciyar da tsoho tsada gare shi, kowa ya ji da nasa.

Wata tsohuwa, Rahamatu, ta dogara sanda ta same shi. Ta ce, "Mai unguwa, akushina kwana ukku a ƙofa. Mi za ni ci?"

Ya ce, "Iya, ni na hana ki haihuwa?"

Daga nan aka daina ajiye akushi. Yara suka tashi ba su taɓa ganin ana yi ba.

Shekara ashirin, ina wuya? Matarsa ta rasu. 'Ya'yansa suka tafi haƙar kuza Jos, ba su waiwayo ba. Ɓarin jikinsa ya shanye. Ya nemi mai jinya ko nawa ne, kowa yana gonar gyaɗa. Asibiti kuwa sai Katsina, wa zai ɗora shi a jaki?

Ranar da yunwa ta ci ƙarfinsa, ya ja jiki ya ajiye akushi a ƙofa. Jamilatu, matar maƙwabcinsa, yarinyar kirki ce. Ta ɗauka, ta wanke shi tas, ta kai masa.

Ta ce, "Baba, ga akushinka, ka mance shi waje."

Ya dubi akushin, ba komai ciki. Kunya ta hana shi ya ce yunwa yake ji. Bayan kwana uku aka yi jana'izarsa.

Ya 'yan uwa, wa ya zalunce shi? Jamilatu ba ta san ma'anar akushin ba, shi ya shafe al'adar da hannunsa. Tanadin da ka rushe wa tsofaffi yau, naka ka rushe.

Allah ya kiyaye mu da wulaƙanta masu furfura, ya sa tsufanmu ya same mu cikin masu tausayi. Amin.