Tunau da Burduddugin Rijiyar Sawu

A zamanin da dajin gabas bai san gatari ba, an yi wani maharbi mai suna Tunau. Kirarinsa shi ne: na Kyauta mai karatun sawu, baka a kafaɗa, ido a ƙasa. Maharba 'yan'uwansa kan yi masa dariya, domin in ya kama dabba sai ya zauna yana juya ƙafafunta, har nama ya kusa lalacewa.

A wurinsa masu ƙafa huɗu duk 'yan gida ɗaya ne. Ya kan buɗe fiffiken jemage ya nuna yatsu a ciki, ya ce fiffiken zabo ma hannu ne da aka lulluɓe da gashi. Ko mesa bai cire ta daga dangin ba, don ya ga 'yan ƙumbuna biyu kusa da wutsiyarta, ragowar ƙafafun da ta yar.

Shekarar da rijiyoyin garinsu suka ƙafe, Tunau ya ja danginsa suka shiga daji neman ruwa. Suka yi ta tafiya har salkuna suka bushe. Matarsa Kyauta tana goye da jaririya, nono ya ɗauke, yarinyar ta daina ko kuka. Wannan shirun ya tsorata Tunau fiye da duk wani zaki da ya taɓa gamuwa da shi.

Suka iso wani busasshen tafki, ƙasarsa ta tsattsage. Tunau ya duba, ya ga sawun damo, da na kunkuru, da na fakara, da na gada, duk sun nufi gindin wani baure. Ya durƙusa ya fara tono da wuƙa. Bai yi nisa ba sai ga wani ƙaton burduddugi, irin kwaɗon nan da ake ci, yana barci a cikin busasshiyar fata kamar an naɗe shi a tsumma.

Wansa Barmo, wanda yunwa ta ci ƙarfinsa, ya miƙo hannu ya ce, “Kawo shi nan a gasa wa yara.”

Tunau ya ce, “Yaya, yi haƙuri. Fatar wannan ba ta jure fari kamar ta damo. Ba ya kwanciya sai inda ƙasa ke da laima. Mai masauki ne, ba a cin mai masauki.”

Barmo ya yi tsaki, amma ya ɗauki fartanya. Suka haƙa daidai makwancin kwaɗon. Ƙasa ta yi duhu, ta koma taɓo, can sai ruwa ya ɓulɓulo. An ce a nan burduddugin ya yage fatarsa ya yi kuka, kwaɗin da ke binne a tafkin duka suka amsa masa daga ƙarƙashin ƙasa.

Kyauta ta sha ta ƙoshi, ta ɗiga wa jaririyar a baki. Yarinyar ta tsala ihu, Tunau ya juya baya yana share hawaye.

A nan suka kafa garin Rijiyar Sawu. Tunau ya sassaƙa kwami, mazubin ruwan sha na dabbobi, ya binne shi a bakin rijiyar daidai da ƙasa, yadda ko kunkuru zai iya kai bakinsa. Har yau mutanen garin ba su cin kwaɗo, kuma duk wadda ta riga zuwa rijiya da safe, guganta na farko a kwamin take juye shi, kafin ta ɗebi na gidanta.