Direban da Ya Kashe Jar Fitila

Akwai wani direban katafila, sunansa Filibus. Aka aike shi wani ƙauye ya gina madatsar ruwa, gama matan ƙauyen sukan yi tafiyar awa biyu da tulu a kai duk lokacin rani. Kwana ashirin aka ba shi. Bayan haka za a ɗauke katafilar zuwa wani aiki, damina kuma tana gab da sauka.

Filibus ya iya aikinsa. Yana tura ƙasa, yana daddanne ta, bangon madatsar yana tashi kullum. Mata sukan kawo masa kunu da rana, su tsaya nesa suna kallo.

Saura kwana bakwai, sai wata jar fitila ta kama a gabansa, katafilar kuma ta rage ƙarfi da kanta. A jikin injin akwai wata 'yar na'ura da makanikai ke kira sensa, ba ta fi babban yatsa ba. Aikinta shi ne ta ji ko baƙin mai yana zagaya injin da ƙarfin da ya kamata. In ta ji ƙarfin ya ragu, sai ta kunna fitilar, ta sa injin ya sassauta don kada ya lalace.

Filibus ya sauka ya duba sandar awon mai, ya ga mai a cike yake. Sai ya tuna bara fitilar nan ta taɓa kamawa, aka tsayar da aiki yini guda, daga baya aka tarar ɓera ne ya ci waya. Ya ce a ransa, "Ƙaryar bara ce ta dawo." Ya cire wayar sensar, ya haɗa bakinta da wani guntun waya yadda ya taɓa ganin wasu direbobi suna yi, ya ɗaure da leda. Fitilar ta mutu, ƙarfi ya dawo. Ya yi aiki kwana biyu cikin kwanciyar rai.

A rana ta uku da safe, wani tsoho, makaniken kamfanin da Filibus yake wa aiki, Baba Irmiya, ya biyo ta wurin a zagayensa. Ya buɗe murfin injin, ya ga ledar.

Ya ce, "Filibus, wa ya ɗaure wa wannan baki?"

Filibus ya yi dariya ya ce, "Ni ne, Baba. Surutu ta cika. Ka tuna bara?"

"Na tuna. Bara ka kira ni."

"Ai mai a cike yake, na duba."

Baba Irmiya ya ce, "Ɗana, randa ma takan cika a ɗaka, mutum yana gona yana jin ƙishi. Ba cikar nake tambaya ba. Yana kaiwa inda ake bukatarsa? Miƙo mini sifana."

Tsohon bai ce sensar tana da gaskiya ba, bai kuma ce ƙarya take yi ba. Ya kwance ta, ya ɗaura ma'auninsa na hannu mai allura a gurbinta, ya ce a tayar da inji. Suka zuba wa allurar ido. Ta ɗan motsa, ta tsaya can ƙasa. Filibus ya ƙara wuta, allurar ba ta tashi ba.

Baba Irmiya ya ce, "Kashe."

Suka sauke kaskon mai na ƙarƙashin injin. Rariyar da mai ke bi ya hau sama ta toshe da dauɗa, a cikin dauɗar kuma akwai ɗan garin ƙarfe yana ƙyalli. Tsohon ya murza shi a yatsa, ya nuna wa Filibus.

"Ƙarafan ciki sun fara cin juna. Da ka kira ni ran da fitilar ta kama, wankin rariya ne, kafin azahar ka koma aiki. Da kuma na makara zuwa gobe, da injin ya buga. Yanzu sai an kawo kaya daga gari. Kwana uku."

Filibus ya dubi bangon madatsar.

Aka gyara injin, Baba Irmiya ya mayar da sensar nan a wurinta, gama ba abin da ya same ta. Filibus ya yi aikin kwana biyun da suka rage da dukan ƙarfinsa, ya rufe bangon, amma ya gaza tsayin da aka tsara da kamu biyu. Da babbar mota ta zo ɗaukar katafilar, ya je wurin mai unguwa da kansa ya ce, "Ranka ya daɗe, ruwan nan ba zai kai ku ƙarshen rani ba. Ba laifin inji ba ne. An gargaɗe ni, na rufe bakin mai gargaɗin."

Haka kuwa ya zama. Madatsar ta riƙe ruwa har watan Maris, sa'an nan ta ƙafe. Matan suka sake ɗaukar tuluna wata biyu kafin ruwan sama ya sauka.

Ga abin da misalin nan yake koya mana. Jar fitilar ita ce lamirin da Allah ya sa a cikin kowannenmu. Gaskiya ne lamiri yakan yi kuskure. Akwai 'yan'uwa da zuciyarsu take ta zarginsu a kan zunubin da Ubangiji ya riga ya gafarta, kamar wayar da ɓera ya ci. Amma kuskuren bara bai ba mu izinin ɗaure masa baki bana ba. Ma'aunin tsohon nan kuwa Maganar Allah ce. Da ita ake gwada abin da zuciya take faɗa, sau da yawa kuma muna bukatar wani dattijo ko dattijuwa cikin bangaskiya su taya mu duba allurar.

Ku lura, Filibus ba mugu ba ne, ba kuma rago ba. Sauri yake yi don aikin kirki. Mu ma mukan ce, "Ina zuwa sujada, ina cikin zumunta, mai a cike yake," alhali akwai 'yar'uwar da muka daina gaisarwa tun Kirsimeti, zuciya tana tuna mana, muna danne ta da hidima. Kwanciyar ran da ke biyo bayan haka irin ta kwana biyun nan ce, ƙarfe yana cin ƙarfe a ciki.

Allah mai jinƙai ne, ya aiko da tsohon kafin injin ya buga. Duk da haka waɗanda suka ɗauki tulu wata biyu ba su ne suka cire wayar ba. In akwai fitilar da ka ɗaure wa leda, ɗan'uwa, kwance ta yau, tun gyaran bai wuce wankin rariya ba.